Buɗe fayilolin AppleWorks na tsohuwar Apple II

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji faya-fayan filofi na kwamfutar Apple II masu ɗauke da rubuce-rubucen AppleWorks, kana so ka karanta su a kwamfutar yau.

AppleWorks ta fito a 1984, Rupert Lissner ne ya rubuta ta. Manhaja ɗaya ce mai aiki uku: rubutu, ma'ajiyar bayanai da jadawalin lissafi. Mutum kan buɗe fayil har 12 a lokaci guda, yana shiga wannan yana fita wancan. Kowane aiki da irin fayil ɗinsa a tsarin AppleWorks na kanta, shi ya sa Word ba ta gane su.

Fara da kwafe faifan sukutum. In injin Apple II na nan da rai, manhajar ADTPro za ta tura kwafin zuwa kwamfutarka ta kebul. Daga nan manhajar CiderPress za ta buɗe shi, ta juya rubutun zuwa tsarin da Word ke karantawa.

Kada ka rikita AppleWorks ta Apple II da AppleWorks ta Macintosh, wadda asalinta ClarisWorks ce, tsarin fayilolinsu daban ne. In kuma ka ga fumfuna a jikin faifan, don Allah kada ka sa shi a inji. Kai wa ƙwararrun ceto bayanai, domin juyi ɗaya na iya kankare rubutun.