Amsa kan wariyar launin fata a makarantun gwamnatin Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa 'yan libatariyan, masu son a taƙaita ikon gwamnati, suke ɗora mata laifin wariya a makarantun Amurka. Suna da hujja, domin doka ce ta raba yaran. A 1896 Kotun Ƙoli ta halatta rabuwa a shari'ar Plessy, wadda asalinta kan taragon jirgin ƙasa ne, jihohin kudu suka jingina makarantunsu da ita. Babban misalin 'yan libatariyan Kwalejin Berea ce a jihar Kentucky, mai zaman kanta, tana koyar da baƙaƙe da farare tare. Jihar ta haramta hakan a 1904, Kotun Ƙoli ta goyi bayanta a 1908.

A ganina maganarsu ta yi rauni bayan hukuncin Brown na 1954, wanda Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati da shi. A 1955 Milton Friedman, masanin tattalin arziki mai ra'ayin libatariyan, ya kawo shawarar gwamnati ta ba iyaye kuɗin makaranta su zaɓi inda suke so. Masu wariya suka yi amfani da irin wannan tsari. Gundumar Prince Edward a jihar Bajiniya ta rufe makarantunta kaf daga 1959 zuwa 1964, aka tallafa wa yaran farare shiga makarantar kuɗi, yaran baƙaƙe da dama suka shafe shekaru ba su ga aji ba, sai da Kotun Ƙoli ta tilasta buɗewa. Makarantun kuɗi kuwa, sai a 1976, a shari'ar Runyon, aka hana su ƙin karɓar yaro saboda launinsa.