Kuka a kan wasan bidiyo ba rauni ba ne

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da matsala don ka zubar da hawaye lokacin da abokin tafiyarka ya mutu a cikin wasan bidiyo. Babu komai, ni ma na taɓa yi.

A fim kallo kawai kake yi, amma a wasa kai ke riƙe da linzami. Ka shafe sa'o'i kana kare mutumin nan, kana yi masa magani, har kun shaƙu. Ran da aka ɗauke shi, sai ka ji kamar da sakacinka a ciki. Shi ya sa har yau ake tuna mutuwar Aerith, abokiyar tafiyar jarumin Final Fantasy VII, wasan da ya fito a 1997. Ga kuma kiɗan da ake sakawa daidai wurin, shi ke ƙarasa karya zuciya.

Kada ka danne kukan. Ajiye wasan ka huta, kuma ka guji maimaita wurin da tsakar dare.

Amma idan damuwar ta kai mako 2 tana hana ka barci ko cin abinci, ko ta fama maka wani rashi da ka yi, ka ga likita.