Amsa ga sistar da aka tura ƙauye

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce tunda aka tura ki ƙaramin asibitin ƙauye, mata ba sa zuwa awo sai miji ya yarda, ki yi bayani su ce "to" su koma su yi abin da suka saba, har kin fara tunanin ajiye aikin.

Na daɗe a ɗakin haihuwa. Yarinyar da kike wa faɗa ba ita ke da wuƙa da nama ba, balle mai haihuwar fari da kunya ba za ta bar ta ta ɗago kai ba. Dubi tsohuwar da ke zaune bakin ƙofa da fulas da ƙullin zannuwa. Ita za ta dafa ruwan wanka, ita za ta dama kunu. Ita za ki russuna ki gaisar, ki kira ta Inna.

Kuma ba kowace al'ada ake ja da ita ba. Tofi da addu'a ban taɓa hanawa ba, me suka tsare min? Kunun kanwa ne ba na ɗaga ƙafa a kai, don tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciya bayan haihuwa da yawan shansa haɗe da gashin jego mai tsanani. Nakan ce, "Inna, jininta ya hau, kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce. A dama mata na gyaɗa, ruwan wankan kuma a sirka." Sau tari ta amince, tunda ba a raina ta ba.

Masu gudun allura ma kada ki kira su jahilai. Mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Batun izini kuwa, ta hannun liman ko mai unguwa ake bi, miji ya bayar tun awon farko cewa ko ba ya gari a kawo ta.

Ke kanki fa? Ranar da aka kawo mai jijjigar haihuwa a makare ta cika a hannunki, kada ki haɗiye ki tafi gida. Ki zauna da abokiyar aikinki ku yi maganar, ko kuka ne ku yi. Ki daina raba lambar wayarki ga kowa, hutunki na shekara kuma ki karɓa ko an ce babu mai canjin ki.