Sanda mai nauyi ba ta gyara karkatar ƙwallo

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Shekarata 52, kuma shekara uku ke nan da na fara ƙwallon lambu, wato golf. Matsalata ita ce duk lokacin da na buga da direba, sandar bugun nesa, ƙwallon sai ta tashi kamar za ta miƙe, daga nan ta lanƙwasa dama ta faɗa doguwar ciyawar gefen fili. Wani abokin wasana ya ce in sayi sandar atisaye mai nauyi. Na saya, kullum da safe ina kaɗa ta sau ɗari, yau wata huɗu. Kafaɗata ta fara ciwo, ƙwallo kuwa tana nan tana tafiya dama. Sandar ce ba ta da kyau, ko ni ne? Kuma zan iya shiga fili da ita? Daga wani mai karatu.

AMSA: Yallaɓai, sannu da ƙoƙari. Sandar ba ta da laifi, aikin da ba nata ba ka ɗora mata. Kafin komai, ka ajiye ta har kafaɗar ta huce, in ciwon ya ƙi tafiya ka ga likita.

Ga mai bugu da hannun dama, ƙwallo na lanƙwasa dama ne idan fuskar sanda ta iso kanta a buɗe, wato tana kallon dama da hanyar da kan sandar ke bi. Yawancin masu wannan matsala suna sauko da sandar ta waje, su yanko ƙwallon kamar mai sassabe, sai ta tashi tana juyi. To ka duba, wanne daga cikin waɗannan nauyi zai gyara? Sanda mai nauyi tana ɗumama jiki, tana ɗan ƙara ƙarfin damtse da baya. Amma in riƙonka ne ke barin fuskar a buɗe, sau ɗarin nan na kowace safiya kuskuren kake bitarsa, da ƙarin kaya a kai. Ni ma na yi irin wannan a farkon wasana. Na kwashe watanni ina fama da ƙarfe mai nauyi a tsakar gida, ranar da wani mai koyarwa ya kalle ni, bugu uku kawai na yi ya ce in juya hannun hagu kan mariƙin har in ga ƙullin yatsu biyu zuwa uku. Kunya ta kama ni, don gyaran bai kai minti goma ba.

Kowace sandar atisaye abu guda take koyarwa. Mai mariƙin roba da aka yi wa gurbin yatsu, riƙo take koyarwa, kuma ina zargin ita ta fi kusa da buƙatarka. Mai gaɓa a tsakiya, irin Medicus, tana karyewa in ka fizge ta ko ka juya fuskar ba daidai ba, don haka nan take take tona maka asiri. Mai jiki laushi da dunƙule a baki, irin Orange Whip, ta masu gaggawa ce: in ka sauko kafin dunƙulen ya gama zuwa sama, za ka ji ta tana ja da kai. Ƙwararru sukan ɗauki kusan ninki uku na lokacin saukowa wajen ɗaga sanda, mu kuwa ’yan koyo sai mu yi ta kamar ana korar mu.

In nisa kake nema, a nan ma nauyi ba shi ne kan gaba ba. Jiki yana koyon saurin da aka saba masa da shi, kuma sanda mai nauyi a hankali ake kaɗa ta. Shi ya sa tsarin SuperSpeed ya zo da sanduna uku, biyu sun fi direba sauƙi, ɗaya ta ɗan fi shi nauyi, ana kaɗa su da iyakar sauri na ’yan mintuna, sau uku a mako. Shahararren ɗan wasa Phil Mickelson ya yi irin wannan atisayen sauri, kuma ya ci babbar gasar PGA a 2021 yana da shekara 50. Matt Fitzpatrick ya ƙara saurinsa da wata sandar da ake sauya wa nauyi kafin ya ci babbar gasar US Open a 2022. Sai dai su fuskar sandarsu a saite take tun tuni. Kai in ka ƙara sauri yanzu, ƙwallon za ta ƙara nisa ne cikin ciyawar dama.

Ga abin da zan so ka yi. Ka kafa waya a bayanka, daidai tsayin hannu, ka ɗauki bidiyon bugu biyar, ka kai wa mai koyarwa ko da zama ɗaya ne. In ya tabbatar riƙo ne, ka nemi mai gurbin yatsu. Wajen atisaye kuma kar ka yini da ita: kaɗa ta sau biyar, ɗauki sandarka ta gaske mai kan ƙarfe, mai lamba 7, ka bugi ƙwallo biyar, ka sake komawa. Abin da hannu ya ji a sandar atisaye ba ya bin ka fili sai ka yi ta kai shi kan sandar gaske, da ƙwallo a gabanka.

Batun shiga fili kuwa, dokokin R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin wasan, sun ƙayyade sanduna 14 a jaka. Doka ta 4.3 ta hana gwada bugu da kayan atisaye bayan an fara zagaye, har da zoben nauyin nan da ake zura wa sanda. Karon farko bugu biyu za a ƙara maka, ko ka rasa ramin in wasan mutum da mutum ne, karo na biyu a fitar da kai daga gasar. Ka ɗumama jiki da ita kafin ramin farko, sannan ka mayar da ita mota.