Amsoshin Likita: Kaji, sankarar ƙwan mace da kumburin ciki

Wani malamin makaranta daga Tibiri ya ce: "Likita, na ji ana binciken sankarar ƙwan mace a jikin kaji. Me ya haɗa mace da kaza?"

Malam, sakin ƙwai ne ya haɗa su. Kaza mai ƙwai tana saki kusan kullum, kowane saki kuma yana barin ɗan rauni a gidan ƙwan, ya warke, a sake. Tun 1971 Mahmoud Fathalla, likita ɗan Masar, ya kawo ra'ayin cewa wannan maimaici na share wa cutar hanya. Kazar da ta haura shekara 2 tana iya kamuwa da cutar da kanta, ba sai an dasa mata ba kamar yadda ake yi wa ɓera, har cikinta ya tara ruwa irin na mata. Masana a Amurka sun duba ƙarin kajin, sun tarar da fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, sun taru a ciki, jinin kuma ɗauke da sinadaran yaƙi da shi. Fatan shi ne a samu alamar da za ta tona cutar da wuri.

Wata uwa daga unguwar Zariya ta ce: "To cin ƙwai ko naman kaza yana sa ta?"

A'a. Ki soya wa yara ƙwansu.

Wata baiwar Allah daga Madarunfa ta ce: "Innata ta daina al'ada da daɗewa, sai cikinta ya kumbura, loma kaɗan ta ƙoshi, tana ramewa. An ce kwantaccen ciki ne, wasu sun ce jifa. An yi mata tsaga, yanzu tana shan maganin ƙara garkuwar jiki."

Ƴar'uwa, taki ce ta fi damuna. Ciki ba ya kwanciya shekaru ya tashi, kuma matar da ta daina al'ada ba ta ɗaukar ciki. Ramewa da saurin ƙoshi da ciki mai ruwa a irin shekarunta na iya zama ciwon hanta, ko tarin fuka na ciki, ko wannan sankarar. Daga nesa ba zan yanke ba. Ku kai ta asibiti cikin makon nan a yi ekografi, wato hoton ciki, da gwajin jini.

Tsagar nan ku daina, don Allah. Askar wanzami a kan fatar da ruwa ya miƙar, gyambo kawai za ta bari. Shi kuma maganin garkuwa na ƴan talla, kuɗin mota kuke ƙonawa. Binciken kajin ma ya nuna jiki yana yaƙin, amma ƙarin ya san yadda yake kashe wa sojojin gwiwa ya ci gaba da girma. Abin da ya gagari jiki, garin leda da jiƙon kanwa ba za su iya ba. In sankarar ce, maganinta aikin tiyata ne da alluran sankara, kuma akwai cibiyar yaƙi da sankara a Yamai in an tura ku. Ku yi addu'a a kan hanyar asibiti. Kada ku jira a gama girbi, kada ku jira kawu ya dawo daga Kano. Ku kai Inna.

Wata amarya ta ce: "Ƙwayar tazarar haihuwa tana kawo sankarar ƙwan mace?"

Rage haɗarinta ma take yi, haka haihuwa da shayarwa, don duk suna hutar da sakin ƙwai. Amma ungozoma ta auna miki hawan jini kafin ki fara sha.