Me ya sa rubutuna yake wargajewa idan na kai shi shagon bugawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe. Yayana ya ba ni tsohuwar laftof ɗinsa don in buga furojet ɗina da kaina, na kuma fara koyon Microsoft Word. Amma duk abin da na jera, da na kai shagon bugawa sai ya wargaje, kan babi ya sauko tsakiyar shafi. Ga jan layi ƙarƙashin kalmomin Hausa, kuma na rasa inda ƙ da ɗ suke. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka wa yayanki da alheri. Ko ban ga fayil ɗinki ba, kusan na san abin da ke ciki, don na sha ganinsa wurin ɗalibai: kina jera rubutu da dogon madannin nan na tazara, idan kuma babi ya ƙare sai ki yi ta danna Enter har sabon shafi ya bayyana.

Ki gwada da kanki. A saman Word akwai wata alama mai kama da P da aka juya, wato ¶. Ki danna ta. Kowane ɗigo da ya fito tsakanin kalmomi tazara ce da kika saka, kowace ¶ kuma Enter ce. Wata ɗaliba ta taɓa kawo min aikinta, muka danna, sai ga ¶ jere kamar tururuwa daga tsakiyar shafi har ƙasa. Irin wannan jeri ya dogara ne da girman haruffa da faɗin takardar kwamfutarki. Da an buɗe shi a kwamfutar da ba ta da irin haruffanki, ko kika ƙara layi biyu a sama, komai sai ya goce.

Gyaran ba wuya. Idan babi ya ƙare, ki danna Ctrl da Enter tare, shi ke nan sabon babi zai tsaya a sabon shafi ko me kika ƙara a baya. Idan kina son taken ya zauna a tsakiya, Ctrl da E. Kan babi kuwa, kada ki tsaya ƙara masa girma da hannu. Ki zaɓe shi ki ba shi salon Heading 1, ƙananan kanu ki ba su Heading 2. A ganina wannan ne darasi mafi daraja a Word gaba ɗaya, kuma shi aka fi tsallakewa a wuraren koyarwa. Ranar da kika gama, manhajar da kanta za ta fitar miki da jerin abubuwan da ke ciki tare da lambar shafi, maimakon ki kwana kina ɗigo-ɗigo da hannu.

Ki duba girman takarda tun kafin ki yi nisa. Word yakan zo a kan takardar Amurka mai suna Letter, mu kuwa A4 muke bugawa, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297. Idan za ki shago, ki adana kwafi a matsayin PDF ki kai musu shi, don shi ba ya motsi. Ctrl da S kuma ya zame miki jiki bayan kowane sakin layi, musamman da yake batirin tsohuwar laftof ba abin dogaro ba ne idan an ɗauke wuta. In kika yi kuskure, Ctrl da Z zai mayar da ke baya.

Jan layin nan ba kuskurenki ba ne. Word yana auna kalmominki da ƙamus na Ingilishi ne, kuma layin ba ya fitowa a takarda. Kina iya kashe shi a wurin saitin harshe.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ina roƙonki kada ki yi sakaci da su, domin baki daban baƙi daban. Kowanne yana da lambarsa. Ki rubuta U+0199 ki danna Alt da X tare, sai ya rikiɗe ya zama ƙ. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. Manyansu 0198 da 018A da 0181. Da yake hakan da gajiyarwa a aiki mai tsawo, ki shiga Insert, ki buɗe Symbol, ki nemo kowane harafi ki ɗaura masa gajeren madanni, misali Alt da K ya riƙa ba ki ƙ. Sau ɗaya za ki yi wannan saitin. Ki fara da shafi ɗaya na babin farko yau, ki goge tarin Enter ɗin, ki sa masa kanu, sannan ki kai shi shagon ki ga yadda zai fito.