Biyola: Goge ce ko Fure?

Wata malamar firamare daga Gombe ta aiko da tambaya. Ta ci karo da kalmar viola a littafin yara, ƙamus ya ce mata fure ne, kuma abin kiɗa ne. Yaya za ta faɗa wa ɗalibai da Hausa?

Malama, kalmomi biyu ne suka yi karo a rubutu, asalinsu ba ɗaya ba. Sunan furen daga Latin ya fito, na abin kiɗan daga Italiyanci. Mu ma muna da irinsu: kukan yaro daban, kukar miya daban, karin sauti ne ke raba su. Wajen furuci kuwa, tun da ba mu da harafin v, mukan mai da shi b, kamar a direba da talabijin. Sai ki rubuta biyola.

Abin kiɗan ɗan'uwan goge ne, don shi ma goga shi ake yi da gashin wutsiyar doki da aka shafa wa ƙaro. Amma kada ki ce wa yara "goge" kawai ki yi shiru, domin abin da za su hango ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, da tsirkiya ɗaya ta tsagiya a kan jaki (ɗan itacen da ke ɗaga tsirkiyar), irin ta Garba Liyo. Biyola akwatin katako ce mai siririn ƙugu, tsirkiyarta 4, ana maƙale ta tsakanin haɓa da kafaɗar hagu. Tsawon jikinta santimita 38 zuwa 43, na ƙanwarta biyolin kusan 35 da rabi, shi ya sa muryarta ta fi kauri. Kwatancen da ya fi zama a kunnen Bahaushe shi ne: yadda goge ya ɗara kukuma, haka biyola ta ɗara biyolin. Ni dai "babban gogen Turawa" nake zaɓa. Masu fassara ta da molo ko garaya sun kauce, waɗannan kaɗa su ake yi da hannu, ba a goga su.

Furen kuma ba shukar ƙasar Hausa ba ce, don haka kada ki ɗora masa sunan wani furen gida. Ƙaramin tsiro ne mai kunnuwan fure 5, galibi shunayya, wani da rawaya ko fari a tsakiya. Larabawa na ce masa banafsaj. Sanyi yake so. Wanda ya shuka shi a Gombe ko Bauchi, da hunturu zai ga furensa, a tukunya, a inuwa; zafin Maris da Afrilu na kamawa sai ya yanƙwane, ko ana ba shi ruwa safe da yamma. A allo ki rubuta "furen biyola", kada ki bar sunan shi kaɗai. In da hali ki nuna musu hoton kowanne, gani ya kori ji.